Aiki daga wata ƙasa ta hanyar intanet: abin da ke sa mai ba da aiki ya hana, da abin da ya kamata ka sani kafin ka tashi

Aiki daga nesa shi ne ma'aikaci ya gudanar da aikin da aka ɗauke shi dominsa ba tare da ya je ofis ba, ta hanyar kwamfuta da waya da intanet. An daɗe ana yin sa, amma a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe ofisoshi a Turai da Amurka, ya zama ruwan dare. Daga nan mutane da yawa suka fara tambayar kansu: in har ina iya yin aikina daga ɗakina a Liyon ko a Montreal, mi zai hana in yi shi daga gidan mahaifina a Maraɗi?

Wannan bayani naka ne idan kana aiki a ƙasar waje kuma kana son ka zo gida ka yi wata biyu ko uku, don jinyar tsoho ko don azumi da salla, ba tare da ka ajiye aikin ba. Ya shafe ka idan kai ne uba ko yayan wanda ke can, kana ganin ya ƙi zuwa ne kawai, tun da aikin nasa cikin kwamfuta yake. Haka nan ma'aikacin wata ƙungiya a Yamai da ke son komawa Kwatano ko Dakar wurin iyalinsa ya ci gaba da aiki daga can, da saurayin Damagaram da ya ga sanarwar aikin nesa, ya cika takardu, aka ce masa ba a ɗaukar mazauna Nijar. Matsalar kowanensu tushenta ɗaya.

Tushen maganar

Doka ba ta damu da inda hedikwatar kamfani take ba, ko bankin da albashi ke fitowa. Abin da take fara dubawa shi ne inda ma'aikaci yake zaune da jikinsa a lokacin da yake aikin. Ranar da ka buɗe kwamfutarka a Tawa ka yi wa wani kamfanin Faransa aikin awa 7, a wurin doka an yi wannan aiki ne cikin ƙasar Nijar. Ƙasar da aka yi aiki cikinta kuwa tana da ikon neman harajinsa, da neman zubin asusun ma'aikata, da tambayar izinin zama da na aiki, da ɗora dokarta ta ƙwadago a kansa. Yawancin waɗannan nauye-nauye ba a kanka kaɗai suke sauka ba, har da wanda ya ɗauke ka aiki, kuma sau da yawa shi ne ake fara kamawa.

Saboda haka in shugaban sashenka ya ce maka a'a, kada ka yi saurin ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya ko rashin yarda da kai. Galibi ba shi ke yanke maganar ba. Takardarka tana bi ta ofishin kula da ma'aikata, da na lauyoyi, da na masu lissafin haraji, da na masu tsaron kwamfutoci, kuma kowane ɗayansu yana da abin da yake gudu.

Harajin albashi

A nan ne maganar ta fi yawa, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Ƙasashe biyu na iya neman haraji, wato lanho, a kan albashi ɗaya: ƙasar da kake mazauninta, da ƙasar da ka yi aikin cikinta. Don kada mutum ya biya sau biyu ne ƙasashe ke ƙulla yarjejeniyar haraji tsakaninsu. Yawancin waɗannan yarjejeniyoyi an tsara su bisa samfurin ƙungiyar OCDE ko na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a cikinsu ne ake samun ƙa'idar kwana 183 da kowa ya ji labarinta.

Ka ji mutane suna cewa in ba ka kai kwana 183 ba, babu ruwanka da harajin ƙasar da ka je. Rabin gaskiya ce. Sharuɗɗan uku ne, kuma dole su cika tare: zamanka bai wuce kwana 183 cikin wata 12 ba, wanda ke biyanka ba mazaunin ƙasar da ka je ba ne, kuma albashinka ba ya fita daga wani reshe da kamfanin ke da shi a can. Wajen ƙidaya kuwa ba ranakun aiki kaɗai ake lissafawa ba. Ranar isowa, ranar tashi, asabar da lahadi, ranakun salla, duk suna ciki. Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci shi ne, ƙa'idar ba ta aiki sai in akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu. In babu, kowace ƙasa dokarta ta cikin gida take bi, kuma dokar ƙasashe da dama ta ba su damar neman haraji tun daga ranar farko.

To yaya Nijar take a wannan fanni? Ta ƙulla yarjejeniyar haraji da Faransa a 1965. A watan Disamba na 2023 gwamnatocin Nijar da Mali suka sanar da soke tasu, bayan Burkina Faso ta riga su a watan Agusta na wannan shekara, kuma yarjejeniyar Nijar ta daina aiki a cikin 2024. Ma'anar haka ita ce, ma'aikacin kamfanin Faransa da ya zo Yamai ya yi aikin wata uku ba shi da wata takarda tsakanin ƙasashen biyu da zai fake da ita. Tsakanin Nijar da Amurka ma babu irin wannan yarjejeniya, kuma Amurka tana bin ƴan ƙasarta da masu katin zama na dindindin harajin abin da suka samu ko'ina suke a duniya. Mai lissafin kamfani in ya ga haka, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ce a hana.

Tsakanin maƙwabta abin ya ɗan fi sauƙi. Ƙasashe 8 na ƙungiyar UEMOA, wato Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo, sun amince a 2008 da dokar da ke hana biyan haraji sau biyu a tsakaninsu. Ma'aikacin Yamai da ya koma Kwatano ko Dakar yana ƙarƙashinta. Wannan ba ya nufin ba zai biya komai a can ba, yana nufin akwai rubutacciyar hanyar sanin ƙasar da ke da haƙƙi. Najeriya ba ta cikin UEMOA. Sabuwar dokarta ta haraji, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, tana bin mazaunin ƙasar harajin abin da ya samu ko daga ina kuɗin suka fito, don haka wanda ke tunanin zama Kano ko Katsina yana yi wa ma'aikatar Nijar aiki ya sa wannan cikin lissafinsa.

Kada ka ɗauka ƙasashenmu kaɗai ake yi wa wannan ƙididdiga. Fiye da mutum 200,000 ke tsallaka iyaka daga Faransa da Beljiyam da Jamus zuwa aiki a Luksamburg. Ƙasashe ne da babu shinge tsakaninsu, kuɗinsu ɗaya. Duk da haka kwana 34 kacal a shekara aka yarda ɗayansu ya yi aiki a wajen Luksamburg ba tare da harajinsa ya canza ba. Wanda ya wuce, ƙasar da yake kwana tana da rabo a albashinsa.

Abin da kamfanin ke gudu a kan kansa

Akwai wani haɗari na biyu da ma'aikata ba su cika sani ba, alhali shi ya fi tayar wa kamfanoni hankali. Hukumar haraji ta ƙasar da ka je tana iya cewa, tun da ga ma'aikacin wannan kamfani yana zaune a nan yana gudanar da harkarsa, to kamfanin ya kafa mazauni na dindindin a ƙasarmu. In aka yanke haka, ba harajin albashinka kaɗai za a nema ba. Za a nemi kamfanin ya yi rajista, ya riƙa kai lissafi, ya biya haraji a kan wani kaso na ribarsa. Hanyoyi biyu ne ke kai ga haka: ko a ɗauki ɗakin da kake aiki a matsayin wurin kasuwancin kamfanin, ko ya zamanto kai ne ke ƙulla ciniki da sunansa a kai a kai. Shi ya sa za ka ga an bar mai gyaran rubutu ko mai fassara ya tafi, amma an hana darakta ko jami'in tallace-tallace, alhali shi ya fi girma a ma'aikatar.

A watan Nuwamba na 2025 ƙungiyar OCDE ta ƙara bayani a kan wannan: in ma'aikaci bai kai rabin lokacin aikinsa na wata 12 yana aiki daga gidan da ke wata ƙasa ba, galibi ba a ɗaukar gidan a matsayin wurin kasuwancin kamfani. In ya kai rabi, sai a duba ko kamfanin yana da wata buƙatar kasuwanci da zamansa a can. Bayani ne mai amfani, sai dai fassarar yarjejeniyoyin haraji ce, ba ta ɗaure ƙasar da babu yarjejeniya da ita.

Asusun ma'aikata, jinya da haɗarin aiki

Kowane wata ana cire wani abu daga albashinka, mai ba da aiki ya ƙara nasa, a zuba a asusun kula da ma'aikata, irin wanda muka sani a nan da sunan CNSS. Daga wannan zubi ne fansho ke fitowa, da kuɗin iyali, da diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce a zuba a ƙasar da ake yin aikin. A Tarayyar Turai, inda aka fi daidaita abin, ma'aikaci yana ƙarƙashin asusun ƙasa ɗaya ne kawai a lokaci guda, kuma in ya kai kashi 25 cikin 100 na aikinsa a ƙasar da yake zaune, zubinsa yakan koma can. Daga ranar 1 ga Yuli 2023 ƙasashe da dama na Turai suka yarda a ɗaga wannan iyaka zuwa ƙasa da kashi 50 ga masu aikin nesa, in an nemi hakan a rubuce.

Wannan sauƙi bai tsallako zuwa Afirka ba. Amurka tana da yarjejeniyar asusun ma'aikata da ƙasashe kusan 30, babu ta Afirka ko ɗaya. Nijar da Faransa sun sa hannu a kan tasu a 1973, haka kuma ƙasashen ƙungiyar CIPRES, wadda Nijar ke ciki, sun sa hannu a 2006 a kan wata da ke ba da damar haɗa wa ma'aikaci shekarun zubinsa na ƙasashe daban-daban, tsakanin ƙasashen da suka tabbatar da ita. Amma ka lura da abu ɗaya: irin waɗannan yarjejeniyoyi an rubuta su ne don ma'aikacin da ma'aikatarsa ta tura shi aiki wata ƙasa, ba wanda ya tafi don buƙatar kansa ba.

Sai maganar rauni. A dokar Faransa tun 2017, haɗarin da ya samu ma'aikaci a wurin da yake aikin nesa, cikin lokacin aiki, ana ɗaukarsa haɗarin aiki. Yi tunanin wutar lantarki ta ja ka wajen haɗa janareta don ka shiga taron ofis. Wa zai tabbatar da yadda abin ya faru, wane likita zai rubuta takarda, wane asusu zai biya? Inshorar lafiya da ma'aikata ke yi wa ma'aikatansu ma sau da yawa ta tsaya ne a iyakar ƙasa, ko ta ɗauki tafiyar ƴan makonni kawai. Wanda ke karɓar kuɗin iyali a Faransa ya san kuma cewa daga Janairun 2025 sai mutum ya zauna wata 9 a shekara cikin ƙasar kafin ya ci gaba da samu.

Izinin zama da izinin aiki

In kai ɗan Nijar ne kuma gida ka zo, babu mai tambayarka biza. Amma in za ka wata ƙasa ta uku, ko kuma fasfo ɗinka na waje ne, ka sani bizar ziyara ba izinin aiki ba ce. Ƙasashe da yawa ba su bambanta wanda ke yi wa kamfanin cikin gida aiki da wanda ke yi wa na waje ba. Ingila sai a ranar 31 ga Janairu 2024 ta rubuta cikin dokarta cewa baƙo yana iya taɓa aikinsa na waje ta intanet, muddin ba wannan ne ainihin abin da ya kawo shi ba. Wasu ƙasashen sun ƙirƙiro biza ta musamman don masu aikin nesa: Estoniya, Dubai da tsibirin Moris a 2020, Fotugal da Namibiya a 2022, Afirka ta Kudu a 2024. Kusan dukansu suna neman shaidar cewa albashinka ya kai wani adadi kuma daga waje yake zuwa. Irin wannan biza tana warware maganar shige da fice ne kawai, ba ta tilasta wa ma'aikatarka ta yarda.

A yankinmu, yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ya yi kwana 90 ba biza. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, kuma a lokacin CEDEAO ta ce za a ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen uku da barinsu zirga-zirga har sai ta sake sanarwa. Kafin ka shirya dogon zama a Kano ko Akara, ka tambayi halin da ake ciki a ofishin jakadanci. A nan gida kuma, dokar ƙwadago ta 2012 ta ce kwantiragin baƙo sai hukumar ANPE ta sa masa hannu.

Akwai ɗaya gefen da ya fi cutar da ƴan uwanmu mazauna waje: takardar zamanka ta can tana iya lalacewa saboda daɗewa a gida. Katin zama na shekara 10 na Faransa yana mutuwa in ka yi fiye da shekara 3 a jere a waje, kuma dokar shige da fice ta Janairun 2024 ta sa ana duba ko mutum yana zaune aƙalla wata 6 a shekara kafin a sabunta masa wasu katunan. Izinin zaman dindindin na Ingila yana faɗuwa bayan shekara 2. Mai katin zaman Amurka da ya yi shekara ɗaya a waje ba tare da ya nemi izinin komowa ba ana iya cewa ya bar zaman, kuma tafiyar da ta wuce wata 6 tana iya katse masa lissafin neman zama ɗan ƙasa. Iyaye su san da wannan kafin su matsa wa ɗa ya ƙara wata a kan wata.

Bayanan mutane da tsaron kwamfuta

Kwamfutar aikinka tana iya ɗauke da sunayen abokan ciniki, da lambobin asusun banki, da takardun marasa lafiya. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, tana iya cin kamfani tarar da ta kai Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikinsa na shekara. Ma'aikacin da ya buɗe bayanan ma'aikatarsa daga ƙasar waje ba a ɗauke shi kamar wanda ya miƙa su ga wani ba, amma nauyin tsaronsu yana nan a wuyan kamfanin. Ban da doka, akwai alkawarin da kamfanin ya ɗaukar wa abokan cinikinsa. Bankuna da asibitoci da hukumomin gwamnati sukan rubuta cikin kwantiragi cewa ba za a taɓa bayanansu daga wajen ƙasa ba. In aikinka irin wannan ne, ko shugabanka yana so ba shi da ikon barinka. Nijar ma tana da dokarta ta kare bayanai, ta farko a 2017 da wadda ta maye gurbinta a 2022, da hukumar HAPDP mai kula da ita, don haka ƙungiyar da ke riƙe da sunayen masu cin gajiyar ayyukanta a karkara tana da hujjar hana a fita da su.

Kamfanonin Amurka suna da ƙarin takunkumi. An hana su hulɗa da ƙasashe irin su Iran da Kuba da Koriya ta Arewa, kuma akwai fasahohin da fita da su cikin kwamfuta kaɗai laifi ne in babu lasisi. Nijar ba ta cikin ƙasashen da aka sa wa irin wancan takunkumi, sai dai kowane kamfani yana da nasa jerin ƙasashen da ya yarda da su, kuma yakan tsara shi ne bisa gargaɗin tafiye-tafiye na gwamnatinsa da abin da kamfanin inshora ya yarda ya ɗauka. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024, ƙasashen Yamma da dama suna gargaɗin mutanensu kada su zo. Kai da ka san unguwarku lafiya lau take kana iya ganin an wuce gona da iri, kuma mai yiwuwa kana da gaskiya, amma wanda ke duba takardarka taswira yake kallo.

Maganar wuta da intanet kuwa, wannan kai ka fi su sani. Ba a manta da yadda Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta na 2023 ba, har sai da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Shigowar Starlink a 2025 ta rage matsalar intanet ga mai hali. Sa'a ba matsala ba ce ga mai aiki da Faransa, domin agogonmu ɗaya da nasu a lokacin sanyinsu, a lokacin zafi kuma awa ɗaya ce tsakani. Mai aiki da New York ko Montreal shi zai fara da ƙarfe 2 ko 3 na rana ya tashi da 10 ko 11 na dare.

Iyakar da kamfanoni suka saba sawa

Kamfanoni kaɗan ne ke hanawa ƙwata-ƙwata, kaɗan ne kuma ke saki gaba ɗaya. Abin da aka fi yi shi ne a ware wasu kwanaki a shekara. Google ya ba ma'aikatansa mako 4 a shekara tun 2021. Airbnb ya sanar a 2022 cewa ma'aikaci na iya yin har kwana 90 a shekara a kowace ƙasa cikin ƙasashe fiye da 170, amma dole ya riƙe adireshi na dindindin don haraji da albashi, kuma neman izinin aiki a ƙasar da ya je nauyinsa ne. Ka ga ko waɗanda suka fi kowa sakin hannu sun tsaya nesa da kwana 183.

In ka tafi a ɓoye

Za a samu mai ba ka shawara ka tafi kawai, ka sa manhajar VPN ta nuna kamar kana can. Kada ka bi. Kwamfutar ma'aikata tana nuna inda take ta hanyoyi da yawa, wayar da ake turo maka lambar shiga ita ma haka, kuma hatimin fasfo ba ya gogewa. Kamfanoni sun ƙara sa ido tun da aka gano ƴan Koriya ta Arewa suna karɓar aikin nesa da sunayen ƙarya. A watan Yuli na 2025 wata kotun Amurka ta ɗaure wata mata fiye da shekara 8 saboda ta tara kwamfutocin aiki a gidanta don su riƙa nuna kamar masu aikin suna cikin ƙasar, abin da ya shafi kamfanoni fiye da 300. Na'urar da aka kafa don kama irin waɗannan ita ce za ta kama ka, kai da jinyar uwa kawai ta kawo ka.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a nan hukuncinsa kora ce. A watan Agusta na 2024 kotun ma'aikata ta birnin Paris ta tabbatar da korar wata ma'aikaciya da ta ci gaba da aiki daga Kanada ba da yardar ma'aikatarta ba, ta kuma ɗauki abin a matsayin babban laifi. A dokar Faransa wanda aka kora da babban laifi ba shi da kuɗin sallama, ba a kuma ba shi wa'adi. In takardar zamanka a kan aikin ta rataya, asarar biyu ce.

Yadda ake neman izini

Fara da karanta kwantiraginka da dokar cikin gida ta ma'aikata, ka ga abin da aka rubuta a kan wurin aiki. Sa'an nan ka rubuta buƙatarka tun da sauran lokaci, wata biyu ko uku kafin tafiya, domin ofisoshin da muka ambata ba sa amsawa cikin mako ɗaya. Ka faɗi ƙasar da garin, da ranar tafiya da ta komowa, da dalilin tafiyar, da cewa kai ɗan ƙasar ne ba ka buƙatar izinin aiki a can. Ka faɗi awoyin da za a same ka, da tanadin da ka yi na wuta da intanet. In aikinka ya haɗa da sa hannu a kan ciniki, ka ce za ka bar wannan ɓangare ga wani har ka komo, kuma ba za ka gana da abokan ciniki a can ba. Wannan jimla ɗaya tana kawar da babban abin da masu lissafi ke tsoro.

Gajeren lokaci mai ranar ƙarewa ya fi samun karɓuwa. Mako 4 da aka amince da su a rubuce, ka haɗa da hutunka na shekara, sun fi wata 4 da aka ce maka da baki ka je babu komai. Shugaban da ya faɗa da baki ana iya canza shi kafin ka komo. In an ƙi, ka tambayi dalili, domin wani dalilin yana da magani: kwamfutar da babu komai cikinta, ko inshorar tafiya da za ka biya da kanka. In babu magani, ka tambayi hutun jinyar iyali ko hutun da ba albashi. Ka ajiye tikitin jirgi da hoton hatimin fasfo, da su ake ƙidaya kwanaki in magana ta taso.

Wanda niyyarsa komowa gida ce gaba ɗaya, ko wanda ke nan yana neman aikin waje, hanyarsa daban ce. Kamfanin da ba shi da rajista a Nijar ba ya iya cire maka harajin albashi na ITS ko zuba maka a CNSS, shi ya sa sanarwar aiki ke cewa daga nesa amma ta lissafa ƙasashen da aka yarda. Mafita biyu aka sani. Ta farko, wani kamfani mai rajista a ƙasar ya ɗauke ka a takarda, ya riƙa biyanka da biyan hukuma a madadin na wajen. Deel da Remote suna cikin masu wannan sana'a, amma ba kowace ƙasa suke aiki ba, sai ka duba jerinsu. Ta biyu, ka zama mai zaman kansa da ke sayar wa kamfanin aikinsa. A nan kai za ka je ofishin haraji ka yanki lambar NIF, ka riƙa rubuta takardar neman biya, ka biya harajinka, ka tanadi jinyarka da tsufanka. Babu hutun shekara, babu kuɗin sallama, kuma ana iya tsayar da aikin da ɗan gajeren wa'adi. Wajen yanke farashi ka ɗora duk waɗannan a kan albashin da ka saba karɓa, ka kuma tambayi bankinka nawa yake cirewa a kan kuɗin da suka shigo daga waje kafin ka sa hannu.